Jemage Ba Abokin Gaba Ba Ne

Abin ya ishe ni: duk inda jemagu suka sauka a kan wata babbar itaciya, daga Tsauni har cikin garin Matamaye, sai yara su fito da danƙo, manya kuma su kawo shawarar a banka musu hayaƙi ko a sassabe rassan. Ka tambayi dalili, a ce maka mugun tsuntsu ne, makaho, mai shan jini, mai kashi ta baki. To, ba ma tsuntsu ba ne. Haihuwa yake yi, ya shayar da ɗansa nono. Ba makaho ba ne kuma: manyan masu cin ƴaƴan itace da ido da hanci suke kiwo, ƙananan na cikin rufin ɗaki su yi ƙara su saurari amsa-kuwwa, da ita suke cafke ƙwari a duhu. Irin jemagu sun haura 1,400 a duniya, masu shan jini uku ne kacal, dukansu a nahiyar Amurka. Zancen kashi ta baki kuwa, tuƙa ce ake gani: ya tauna ɗan itace, ya tsotse ruwan, ya furzar da sauran.

Babbar ɓatar ita ce cewa jemage ba ya tsinana komai sai ɓarna. Mai faɗin haka ya je gindin kuka a farkon damina, bayan magariba. Zai ga farin fure yana reto kai ƙasa, sai dare yake buɗewa, yana fitar da wari mai ƙarfi, kashegari ya yanƙwane. Wa yake jira a wannan dare guda? Jemage ne babban baƙonsa a Afirka ta Yamma. Ya cusa fuska ya lashi zaƙin, garin furen ya manne masa a gashi, ya kai wa wata kukar, da haka take ɗaure ƴaƴa. Haka rimi. Haka ɗorawa mai jan fure kamar tuntun hula, wadda jemage ke yi wa hidima da dare, ƙudan zuma da safe, kuma daga kalwarta ake daddawa. Wani zai ce ai miyar kuka ganye ce, ina ruwanta da fure. Gaskiya ne, amma kukar da jikoki za su tsinka daga iri za ta tsiro. Ƙasar Matamaye da Magarya da Mirya ta yi suna a duniya saboda manomanta sun bar gawo da sauran itatuwa sun sake tsirowa a gonaki. Abin takaici ne a ce mutanen da suka yi wannan hikima su ne ke korar mai yaɗa musu iri kyauta.

Mai lambun mangwaro yana da hujja, don jemage na ci. Sai dai ya fi bin wanda ya nuna sosai, wanda aka tsinke da wuri ya tsira.

Hujja mafi nauyi ita ce cuta, kuma ba a musun ta. Ana zargin jemagu da ɗaukar Ebola, an kuma tabbatar da ƙwayar Marburg a jikin wani iri mai zama a kogo. Amma kisa ba ya magani. A Uganda, bayan cutar Marburg ta ɓulla a ramin haƙar ma'adinai na Kitaka a 2007, an karkashe jemagun wurin a 2008. Wasu suka dawo suka cika ramin, masu bincike kuma suka tarar masu ɗauke da ƙwayar sun fi na da yawa. Wanda ya kama jemage, ya feɗe shi, ko ya tarwatsa masaukinsa, shi ya jawo cutar kusa da kansa.

Don haka a hana yara taɓa shi da hannu, musamman wanda aka tsinta a ƙasa da rana, don mai lafiya ba ya haka. Wanda jemage ya ciza ko ya yakusa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya tafi asibiti a ranar, saboda jemage na iya ɗaukar cuta dangin haukan kare. Kada a ci ɗan itacen da ke da shaidar haƙori. A rufe randa da bakin rijiya. In jemagu sun shiga rufin ɗaki, a jira su fita kiwo da almuru a toshe kafar, amma ba lokacin da suke da ƴaƴa a ciki ba, don za su mutu su ruɓe. Kashinsu a yayyafa masa ruwa kafin shara, a rufe hanci da ƙyalle, a kai shi gona, taki ne mai ƙarfi.