Ƙyauren Zuciya na Dashe da Ƙwayoyin Cutar da ke Fitowa Daga Garke

Zuciyar ɗan Adam tana da ɗakuna huɗu, da ƙyaure guda huɗu waɗanda ke buɗewa jini ya wuce, su rufe don kada ya koma da baya. Suna yin haka kimanin sau 100,000 a kowace rana. A ƙasashenmu, babban abin da ke lalata su shi ne ciwon maƙogwaro na ƙwayar Streptococcus da yaro ya yi ba a magance ba. Garkuwar jiki takan ruɗe ta far wa zuciya, bayan shekaru ƙyauren ya ƙanƙance ko ya riƙa yoyo.

A 1960 likita Albert Starr da injiniya Lowell Edwards na Amurka suka yi nasarar dasa wa mutum ƙyauren da aka ƙera. A Nijeriya kuwa, an fara buɗe zuciya a yi mata aiki a asibitin koyarwa na Inugu a 1974. A yau ana yin ƙyauren da ƙarfe da sinadarin kabon, ko da tantanin jikin dabba.

Me ya sa na dashe ya fi kamuwa?

Ƙyauren dashe baƙo ne a jiki. Idan ƙwayoyin bakteriya suka shiga jini, sukan maƙale a jikinsa ko a zaren ɗinkinsa, su lulluɓe kansu da wani yauƙi, kamar yadda gansakuka ke kama randa. Wannan yauƙi kan tare magani, ya kuma tare ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta. Daga nan ɗinkin ya saki, ko wani gutsure ya ɓalle ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa. Waɗanda suka fi yin wannan ɓarna su ne Staphylococcus na fata da Streptococcus na baki. Amma akwai wasu biyu da ba safai ake zarginsu ba, alhali kuwa dabbobin gida ne mazauninsu.

Baƙi biyu daga garke

Ta farko ita ce Brucella, wadda David Bruce ya gano a tsibirin Malta a 1887. Ita ke sa shanu ɓari da kumburin gwiwa, cutar da makiyaya ke kira bakkale. Mutum kan ɗauke ta ta shan ɗanyar madara, ko taɓa mahaifa da ɗan ɓari da hannu. Ba ta cika kai wa zuciya ba, amma mafi yawan masu mutuwa da cutar, ta zuciya take kashe su.

Ta biyu ita ce Coxiella burnetii, mai jawo zazzaɓin da Edward Derrick ya bayyana a 1937 a tsakanin mahauta a Ostareliya. Tana cika a mahaifar awaki da tumaki, tana jure zafi da fari, iska kuma tana ɗaukarta cikin ƙura a shaƙa.

A ƙasar Ƙaura Namoda da Zurmi da Shinkafi, mai babbar kasuwar dabbobi, da wuya a shiga gida ba a tarar da akuya a turke ba, fura da nono kuwa abincin yau da kullum ne. Haɗarin a nan shi ne alamun cutar, wato zazzaɓi mai zuwa yana komawa, gumin dare, kasala da rama, sun yi kama da na cizon sauro da taifot. Sai a yi watanni ana shan maganin da ba shi ne ba. Ko a ɗakin gwaji ma, Brucella tana jinkirin tsirowa, Coxiella kuwa ba ta tsirowa ta hanyar da aka saba. Sai likita ya nemi gwaji na musamman, kuma ba zai nema ba sai an shaida masa cewa majinyacin yana hulɗa da dabbobi. Maganin Coxiella a ƙyauren dashe yakan ɗauki watanni 24, sau da yawa ma sai an sake tiyata.

Rigakafi ya fi magani

Wanda aka yi wa dashe ya tabbata an tafasa madara kafin a kaɗa, don tsamin nono bai isa ya kashe Brucella ba. Ya bar wa wani karɓar haihuwar dabba da sharar turke, ya kula da tsabtar haƙoransa. Zazzaɓin da ya ƙi jin magani kuwa, a garzaya babban asibiti, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, a ɗebi jini kafin a fara shan maganin bakteriya. Ga malaman makaranta kuma, yaron da ke kukan maƙogwaro da zazzaɓi a tura shi asibiti, domin fenisilin na kwana 10 na iya raba shi da wuƙar tiyata har abada.