Daga Majigi zuwa Tsoffin Silimun Kano

Kafin a san gidan silima a ƙasar Hausa, majigi aka sani. Motar gwamnatin mulkin mallaka ce ke zagaya garuruwa, a kafa farin allo a fili bayan magariba, a haska fim kan tsafta ko noma kyauta, tafinta yana bayani da lasifika. Mutanen karkara nan kallonsu ya tsaya.

Silimar biya kuwa harkar birni ce, galibi a hannun Kwarori 'yan Labanan. A Kano an buɗe Rex a 1937, a wajen ganuwa. Yawancin gidajen ba rufi, sai duhu ya yi ake kunna fim, masu ƙaramin tikiti suna kan benci dab da allo. Daga baya fina-finan Indiya suka fi cika su.

Malamai ba su taɓa sakin jiki da silima ba. A Mayun 1951 gobara ta cinye silimar El Duniya, mutum 331 suka rasu, kuma da yawa suka ɗauke ta a matsayin ishara. Duk da haka aka buɗe silimar Palace a cikin birni, kusa da kasuwar Kurmi, malamai suna ta Allah wadai. Daga baya zuwan bidiyo ya karya kasuwar gidajen silima. Ginin Palace dai asibiti aka mayar da shi.