Kafaɗar Wuƙa: Inda Ta Kan Karye Da Yadda A Ke Daidaita Ta

In rani ya yi, aikin gona ya kau, manoma da yawa su kan koma maƙera su yi 'yan gyare-gyare, waɗansu ma su kan ƙera wuƙa ko lauje da kansu daga tsohon sifirin na mota. A Amurka da ƙasashen Turai kuwa akwai mutanen da ƙirar wuƙa sha'awa ce kurum gare su. Su da maƙeran karkara duk wuri ɗaya ya ke ba su wahala, watau kafaɗar wuƙa.

Kafaɗa ita ce inda faɗin ruwan wuƙa ya ƙare, siririyar wutsiyar da ke shiga ƙota ta soma. Kafaɗu biyu ne, dama da hagu. In ɗaya ta ɗara ɗaya ko da kaurin farce ne, zoben ƙota ba zai zauna daidai ba. Ruwa da jini da dattin gona su riƙa shiga kafar, tsatsa ta ci wutsiya daga ciki, ƙota ta soma girgiɗi. Ran da a ke tsakiyar yankan dawa sai wuƙa ta tsinke, kuma a wurin hannu ya ke.

To, lokacin daidaita kafaɗa shi ne tun ƙarfe yana da taushi, ba a tsoma shi ba. Sa'an nan magagari ya kan ci shi ba wuya. A sami sandunan ƙarfe biyu miƙaƙƙu, a matse wuƙa tsakaninsu a gicciye daidai inda a ke son kafaɗa ta tsaya, a yi ta gurzawa har magagari ya taɓa sandunan. Kafaɗun za su fito bai ɗaya.

Amma sau da yawa ba a lura da karkata sai bayan an taurara wuƙa. Ga abin da ke faruwa. Ana gasa ƙarfe har ya yi ja, ya wuce inda mayen ƙarfe ya ke daina kama shi, wajen digiri 770 na ma'aunin Salsiyos ke nan, sa'an nan a tsoma shi cikin mai. Daga nan taurinsa ya zama kusan ɗaya da na magagari. In an ɗora magagari sai ya yi ta zamewa yana ƙara, haƙoransa su mutu a banza, kuɗinsa kuwa ba kaɗan ba ne.

Dabara mafi araha ita ce a sassauta taurin wurin kaɗai. A goge wutsiya da kafaɗa da samfefa su yi fari, domin a ga launi. A tsayar da ruwan wuƙa cikin gwangwanin ruwa, a bar kafaɗa ta ɗara kan ruwa da kamar rabin inci. Sai a riƙa zafafa wutsiya daga ƙarshenta, ko da wutar mai walda, ko da awartakin da aka gasa ya yi ja. Launi zai riƙa gangarowa, da fari ruwan kara, wajen digiri 220, daga nan shuɗi, wajen digiri 300. In shuɗi ya rufe kafaɗa sai a janye wuta, a bar wurin ya huce da kansa. Yanzu magagari zai ci, ko da ya ke sai da haƙuri. Ruwan gwangwani shi ke tsare kaifi, don shuɗin nan in ya kai bakin wuƙa, ta daina riƙe washi ke nan.

Wanda ba ya so ya taɓa wuta, sai ya yi da dutsen washi mai miƙaƙƙen gefe, ko samfefa da aka naɗa a sandan ƙarfe. Aiki ne na yini, amma ba ya ɓata kome. Masu ƙirar sha'awa na ƙasashen waje su kan sayi magagari mai garin daimon a jiki, da sandunan matsewa masu fuskar tangistin kabaid, wadda magagari ba ya iya ci. Injin washi na lantarki ya fi kowa sauri, ya kuma fi kowa ɓarna. Mai aiki da shi lalle ya riƙa tsoma wuƙa a ruwa a kai a kai, ya kuma tsare idanunsa.

Sauran abu ɗaya da masu son tsabtar aiki su kan yi kuskure a kai. Saman kafaɗa ne a ke so ya miƙe, amma lungun da ya haɗa ta da wutsiya ba a son ya yi kaifi. Lungu mai kaifi nan nauyi ya ke taruwa, nan kuma tsaga ta kan soma, ko a wajen tsomawa ko a wajen aiki. A bar masa ɗan lanƙwasa kamar gefen ƙwayar dawa, da siririn magagari mai zagaye. Sa'an nan a ɗan rage bakin ramin zobe don lanƙwasar ta sami wurin shiga.

In an gama, a zura zobe, a ɗaga wuƙa wajen rana. Gefen da haske ya ɓullo ya yi ƙasa, sai a koma a rage ɗayan kaɗan, kafin a kafa ƙota.