Watandar Ƙwallo a Ƙauyukan Amurka

Idan Sallah ta matso kuma aljihun mutum bai kai sa ba, sai 'yan unguwa su yi watanda: kowa ya biya kuɗin kashinsa, a sayi sa guda, a yanka a kasa. Abin da ƙananan makarantun karkarar Amurka ke yi ke nan da ƙungiyoyin ƙwallon yaransu 'yan aji bakwai da takwas, masu shekara 12 zuwa 14.

Wasan ba irin namu ba ne. Ƙwallon Amurka ne, na hular kwano da sulke a kafaɗa, wanda ake bangaje mutum a kayar da shi. Mutum 11 ake zubawa kowane ɓangare, don haka ko atisaye na sosai sai da yara 22. To makarantar da samarin azuzuwan biyu ba su fi goma sha biyar ba, kuma ba dukansu ke buga wasan ba fa? Ɗaya ya gurɗe, biyu su kwanta mura, shi ke nan an ba abokan hamayya maki ba tare da an buga ba. Ko kuma a jawo ɗan ƙaramin yaro a tsayar da shi gaban wani ƙato don dai lissafi ya cika, abin da babu uwar da za ta so wa ɗanta.

Yaran ne suka ƙare. A 1935 gonakin Amurka sun kai miliyan 6.8, a ƙidayar 2022 sun koma miliyan 1.9. Injina sun karɓe aikin hannu, iyalai suka tashi. Matsalar ma ta daɗe: a 1934 wani malami, Stephen Epler, ya ƙirƙiro wasan mutum shida-shida a garin Chester na jihar Nebraska, kuma karawar farko da aka yi a Hebron, wadda aka tashi 19 da 19, makarantu huɗu ne suka haɗu suka fitar da ƙungiyoyi biyu. Har yau ana buga na shida a Texas da Montana, na takwas a Kansas, na tara a Dakota ta Arewa da ta Kudu. Inda ragin bai wadatar ba, sai haɗaka.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin watanda ya san ba a faɗa kan tsoka. An kasa ta a kan buhu, kowa na gani. Rigimar tana kan kai da ƙafa, da fata, da a ƙofar gidan wa za a kayar da san. Can ma haka take. Kowa ya yarda yara su samu wasa, amma launin rigar wa za a sa? Filin wane gari ne gida? Kociyan wa zai ja ragama? Shi ya sa sunayen ke fitowa zarara, irin Bruning-Davenport/Shickley a Nebraska, wanda tsayinsa ya sa ake ce masa BDS kawai. Babu garin da ya yarda a bar shi a baya. Kakan da ya buga wa garinsu wasa, yau ga jikansa sanye da riga ɗaya da yaran garin da suka yi ta gwabzawa da shi. Ni ban raina ƙorafin irin wannan kakan ba. Garin da banki da kanti suka rufe, makaranta ce kaɗai ta rage masa da suna.

Duk da haka, ina tare da masu haɗakar. Sai dai watanda safiya guda ce, kowa ya ɗauki ledarsa ya wuce, wannan kuwa kullum ce. Yaron garin da ya fi ƙanƙanta shi zai hau bas bayan an tashi daga makaranta, ya dawo da duhu, aikin gida na jiransa. Da can shi ne tauraro. Yanzu yana iya ƙare kakar a benci, domin kociya ya fi sanin yaran garinsu. Nan ya kamata hukumomin makarantun su kafe tun kafin sa hannu: a riƙa juya filin atisaye, a raba wasannin gida, a ɗauko mataimakin kociya daga ƙaramin garin. Kuma su daina rantse wa iyaye cewa abin zai tsaya a ƙwallo, tunda a wurare da dama haɗe ƙungiya ne ya share hanyar haɗe makarantun kansu.