Jirgin Ƙasa da Gyaɗar Kano: Waiwaye a Kan Reluwen Gwamnatin Nijeriya

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi tarihin hanyar jirgin ƙasa ta gwamnatin Nijeriya, musamman ɓangaren da ya shigo ƙasar Hausa, sa'an nan ta nuna cewa abin da jirgin ya haifar ga tattalin arziki ya sha bamban da abin da masu shimfiɗa shi suka nufa.

Turawan mulkin mallaka sun soma shimfiɗa dogo daga Ikko a shekarar 1896, ya kuma isa Badun a 1901. A wancan lokaci gwamnatin Arewa dabam take da ta Kudu, ba ta kuwa so ta rataya cinikinta ga tashar Ikko. Saboda haka a zamanin Gwamna Girouard, wanda da ma injiniyan reluwe ne, sai aka tsiri wani layi daga Baro, a bakin kogin Kwara, domin jiragen ruwa su riƙa karɓar kaya daga can. Layin ya isa Kano a 1911. Wanda ya taso daga Ikko ya sadu da shi a Minna, aka haɗe su a ƙarƙashin ma'aikata guda a 1912. Da yake ruwan Kwara yakan ja da baya da rani, ba a daɗe ba Ikko ta kwashe cinikin, Baro ta dushe. Rassa suka biyo baya: Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri kuwa sai 1964. A 1955 ne aka mayar da ma'aikatar ta zama Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya.

Aikin shimfiɗar bai zo wa talakawa da sauƙi ba. Ta hannun sarakuna da hakimai aka riƙa ɗibar mutane a ƙasashen Nufe da Gwari da Zazzau, a raba su da gonakinsu, ko suna so ko ba sa so. Harshe ya adana wannan tarihi. Kalmar diga, watau sunan abin haƙan da aka ba leburori, ta zama sunan aikin kansa, har Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi ya yi waƙa a kansa wadda aka sani da Waƙar Diga. Kalmomi irin su tarago da loko da reluwe duk ta wannan ƙofa suka shigo Hausa. Har ila yau, da kuɗin Turawa aka biya leburorin, abin da ya taimaka wajen ture wuri daga kasuwa.

Auduga ce Turawa suka sa wa rai. Masaƙun Ingila na neman inda za su sami auduga ban da Amurka, aka kuwa kwarzanta musu ƙasar Kano da Zariya. Abin da lissafinsu bai kama ba shi ne, audugar tana da masu ita tun da. Masaƙa da marina na gida suna sayenta a kan farashin da ya fi na kamfanin Turawa, don haka manomi bai ga dalilin kai ta tasha ba. Gyaɗa kuwa al'amarinta dabam ne. Tana yi a jigawa, ana shuka ta tare da gero, harawarta abincin dabbobi ce, in kuma kasuwa ta faɗi a ci ta a gida ko a matse mai a yi ƙuliƙuli. Auduga ba ta shiga tukunya. A daidai lokacin ne kuma masana'antun Turai ke neman man gyaɗa ido rufe. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar a 1912 ba ta kai tan 3,000 ba, amma a 1913 ta haura tan 19,000, a 1916 ta kai wajen tan 50,000.

Kuskure ne a jingina wannan bunƙasa ga kamfanonin Turawa kaɗai, kamar yadda rahotannin mulkin mallaka suka saba yi. Baƙon da bai san hanyar ƙauye ba, bai kuma ji Hausa ba, ina zai sami gyaɗa? Fataken goro ne, watau Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, suka juya jarinsu da yaransu da amanar da ke tsakaninsu da mutanen karkara zuwa ga sabon ciniki. Alhassan Ɗantata, wanda ya yi fataucin goro a Gwanja kafin ya shahara a sayen gyaɗa, shi ne fitaccen misali.

Ta fuskar fatauci, jirgi ya juya fuskar ƙasar Hausa daga Sahara zuwa teku. Ayarin raƙuman da ke kai fatu Tarabulus ya ƙarasa mutuwa, goron da jakuna kan yi watanni suna ɗaukowa daga Gwanja ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko, daga nan a sa shi a tarago. Da noman goro ya yaɗu a ƙasar Yarabawa, sai Hausawa suka yi zango a Agege da Shagamu da Sabo ta Badun, suna aika goro Arewa, suna karɓar shanu. Garuruwa irin su Kafanchan da Funtuwa da Gusau ma albarkacin tasha suka ci.

Sai dai wanda ya dubi taswirar layin zai ga duk inda ya taso bakin teku ya nufa. An haɗa Kano da Ikko, amma Sakkwato da Katsina dogo bai taka su ba. Dalar gyaɗar da ake alfahari da ita ma tana da wani karatu: yawancin tarin buhunan nan na bayan Yaƙin Duniya na Biyu gyaɗa ce da ke jiran tarago, saboda jirgin ya gaza kwashe ta a kan kari, ƙwari suna ci. Daga baya motocin lori suka ƙwace masa kaya, fari na farkon shekarun 1970 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka kashe fitar da ita waje. An ɗauko ƙwararru daga Indiya a 1979 su gudanar da hukumar, ta ɗan farfaɗo, ta sake komawa gidan jiya bayan tafiyarsu. Sabbin layuka masu faɗi sun zo daga baya: Abuja zuwa Kaduna a 2016, Ikko zuwa Badun a 2021. A 2021 ɗin ne kuma aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara zai bi ta Katsina, shekara 110 bayan isar jirgi Kano.