Jima da Dukanci a Kano: Daga Ƙofar Wambai Zuwa Sharaɗa

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a duba yadda sana'ar fata ta tashi daga hannun majema da dukawa ta shiga masana'antu a Kano, da kuma abin da ya rage na wannan gado.

Tun a ƙarni na 16 marubucin nan Leo Africanus ya ambaci takalman Gobir da ake kaiwa Tumbutu da Gawo. A shekarar 1851 kuwa, sa'ad da Bajamushe Heinrich Barth ya sauka Kano, ya lura cewa in an ɗebe tufafi, takalma ne kayan da Kanawa suka fi fitarwa zuwa nesa. Fatake kan ɗauki jar fata daga kasuwar Kurmi, su ƙetara Sahara ta Gadamas zuwa Tarabulus da sauran garuruwan gaɓar teku. Da ta isa Turai sai aka laƙaba mata suna fatar Maroko, alhali kuwa da yawanta fatar jar akuyar Sakkwato ce. Watau kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Aikin kansa ba ƙarami ba ne. Majemi zai jiƙa fata a ruwan toka har gashin ya saki, ya kankare ta da kartaji, ya tsoma ta a ruwan kashin tattabaru don ta yi laushi, sa'an nan ya jeme ta da 'ya'yan bagaruwa. In ja ake so, sai a rina da karan dafi. Daga nan sai baduku ya karɓa, ya ɗinka sambatsai da kufutai da sufadu, ko kube da gafaka. Ɗalibin Hausa ya kamata ya lura cewa kowace kalma a nan tana ɗauke da wani aiki, kuma in aikin ya mutu kalmar ba ta daɗewa. Matasa nawa ne yau za su iya bambanta sufadu da kufutai?

Zuwan jirgin ƙasa Kano a 1911 ya juya akalar cinikin daga hamada zuwa Ikko. Kamfanonin Turawa suka shiga sayen fatu da ƙiraga ɗanyu, daga baya aka kafa majemun zamani. Bompai ce unguwar masana'antu ta farko, Sharaɗa da Calawa suka biyo baya. A nan gishirin kurom ya maye gurbin bagaruwa, domin ya fi ta sauri nesa ba kusa ba, ko da yake ruwan da yake bari shi ne ya gurɓata kogin Calawa. Dattawan Hotoro har yanzu suna tuna ayarin kekunan ma'aikata da ke nufar Bompai da sassafe.

Bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran injuna suka yi tsada, wutar lantarki ta yi ƙaranci. Takalma masu araha daga Sin suka cika kasuwa, masu cin ganda kuma suka rage wa majema ƙiraga. Masana'antu da dama suka rufe. Waɗanda suka tsira sun fi karkata ga jeme fata a tura Italiya da Sifen, a can a mayar da ita takalmi mai tsada.

Ba Kano kaɗai wannan ya sama ba. Garin Romans da ke kudu maso gabashin Faransa ya yi suna da takalma, shi ma masana'antunsa sun durƙushe, har kamfanin Charles Jourdan ya karye a 2007. Sai dai mutanen garin suna da gidan tarihin takalma, inda suka adana dubban takalma da kayan aikin magabatansu. A ganina a nan ne muka yi sakaci. Gidan Makama yana ajiye da kayan sarauta da na gargajiya, amma injunan Bompai na farko da takardun ma'aikata da hotunansu suna lalacewa a rufaffun gine-gine, wasu an sayar wa 'yan gwangwan. Majeman Ƙofar Wambai kuwa suna nan suna aiki da bagaruwa, kuma akwai tsofaffin ma'aikata a Hotoro da Dakata waɗanda za a iya ɗaukar maganarsu tun suna raye.