Hasashen Zakara a Gasar Besbol ta Amurka

Gasar besbol ta ƙwararru a Arewacin Amurka, wadda ake taƙaita sunanta da MLB, tana da ƙungiyoyi 30: guda 29 a Amurka, ɗaya a birnin Toronto na Kanada. An raba su gida biyu, wato National League da aka kafa a 1876 da American League da ta zama babbar gasa a 1901, kuma kowane gida yana da rukuni uku na ƙungiyoyi biyar-biyar. Kowace ƙungiya tana buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum ke nan. Mai bibiyar Firimiyar Ingila, inda ake wasa 38 a kaka, zai gane tazarar. Daga nan ƙungiyoyi 12 ke wucewa zagayen Oktoba, a yi ta tankaɗe da rairaya har a kai ga World Series, karon ƙarshe tsakanin zakarun gidajen biyu, wanda aka fara a 1903. Hasashen magoya baya yana yawo ne tsakanin tambayoyi biyu da ake yawan cuɗawa alhali kowace da hanyarta: wace ƙungiya ta fi ƙarfi, wace ce kuma za ta ɗauki kofi.

Kasuwar hasashe tana ci ne a watannin Fabrairu da Maris, lokacin da ƙungiyoyi ke atisaye a jihohin Florida da Arizona. A lokacin babu wanda aka ci ko sau ɗaya, don haka kowa na da bakin magana. Jaridu da mujallu kan jera sunayen waɗanda suke ganin za su ci rukuninsu, gidajen rediyo kuma kan buɗe layi magoya baya su yi ta kira suna musu. Mafi yawan abin da ake faɗi a wannan lokaci fata ne da aka yi wa rigar hujja. Magoya bayan Brooklyn Dodgers sun yi suna da cewa a jira baɗi, domin New York Yankees ta doke su a World Series a 1941, 1947, 1949, 1952 da 1953 kafin baɗin ta zo a 1955. Inda jira ya yi tsawo kuwa sai camfi ya shigo. Boston Red Sox ta yi shekara 86 ba kofi, daga 1918 zuwa 2004, mutane suka ɗora laifin a kan sayar da ɗan wasanta Babe Ruth ga Yankees. Chicago Cubs ta yi shekara 108, daga 1908 zuwa 2016, aka ce bakin wani mai akuya ne da aka kora daga filin wasa a 1945.

Masana ma ba su tsira ba. A 1987 mujallar Sports Illustrated ta sa ƙungiyar Cleveland a bangonta a matsayin wadda za ta yi zarra, sai ƙungiyar ta sha kashi sau 101 a kakar. Mujallar dai ce a 2014 ta ce Houston Astros, wadda a lokacin take can ƙasa, za ta ɗauki kofi a 2017, kuma haka aka yi, ko da yake daga baya an gano ƙungiyar ta riƙa satar alamun da abokan karawa ke yi wa juna ta hanyar kyamara.

Hasashe da lissafi ya samo asali ne daga yanayin wasan kansa. A besbol kowane karo na mutum biyu ne, mai jifa da mai bugu, kuma ana rubuta sakamakon kowane ɗaya, don haka akwai alƙaluman fiye da shekara ɗari a ajiye. Bill James, wanda ya fara buga littafinsa na shekara-shekara a 1977, ya nuna cewa yawan makin da ƙungiya ta ci da wanda aka ci ta ya fi yawan nasarorinta faɗin gaskiya game da ƙarfinta. Texas Rangers ta 2016 misali ce mai kyau: ta ci wasa 95, amma makin da ta ci a duk kakar ya ɗara wanda aka ci ta da takwas kacal, domin ta yi ta tsallake rijiya da baya a wasannin da tazarar maki ɗaya ke rabawa. Shekara ta zagayo ta ci 78.

A 2003 Nate Silver ya fito da tsarin PECOTA, wanda ke ɗaukar ɗan wasa ya nemo masu kama da shi a tarihi, a shekaru da jiki da irin bugu, ya duba yadda rayuwar wasansu ta kasance. Akwai kuma ZiPS da Steamer, waɗanda shafin FanGraphs ke amfani da su. Mafi sauƙi duka shi ne Marcel na Tom Tango, wanda aka raɗa wa sunan wani biri na wasan talabijin don a nuna cewa ko biri zai iya: a ɗauki shekaru uku na baya, a ba ta kusa nauyi mafi yawa, a ja sakamakon zuwa tsaka-tsaki, a yi gyara don shekarun ɗan wasa. Abin mamaki, manyan tsare-tsaren ba su cika yi masa nisa ba. Wannan ja zuwa tsaka-tsaki shi ne ke ɓata wa magoya baya rai, domin kwamfuta kullum tana cewa gwarzon bara zai ɗan sauko, wanda ya yi kakar banza kuma zai ɗan farfaɗo. Galibi tana da gaskiya. Takan kuma yi kuskure mai girma: a 2015 PECOTA ta ba Kansas City Royals nasara 72, ƙungiyar ta ci 95 ta kuma ɗauki kofi, magoya bayanta suka daɗe suna yi wa masu lissafi shaguɓe.

Kuɗi ma na cikin ma'auni. MLB ba ta ƙayyade iyakar albashi ba, haraji kawai take ɗora wa ƙungiyar da ta wuce wani adadi, don haka masu hannu da shuni kan kwashe manyan 'yan wasa. Los Angeles Dodgers ta ba Shohei Ohtani na Japan kwantiragin dala miliyan 700 na shekara goma a ƙarshen 2023, New York Mets ta ba Juan Soto miliyan 765 na shekara 15 bayan shekara guda. Kuɗi na ƙara damar kaiwa Oktoba, amma Mets ɗin ce ta fi kowa biyan albashi a 2023 ta ƙare da nasara 75 da faɗuwa 87.

Wahalar hasashe ta gaske tana cikin Oktoba. A besbol tazarar da ke tsakanin gwani da na baya ƙarama ce a wasa guda. Ƙungiya mai ƙarfi takan ci kusan shida cikin goma, kuma ko Chicago White Sox ta 2024, wadda aka ci sau 121, ta yi nasara sau 41. Dalili ɗaya shi ne mai jifa na farko yana canjawa kullum, sai bayan kwana huɗu ko biyar yake sake fitowa, saboda haka ƙungiyar yau daban take da ta gobe. A wasa 162 sa'a da rashinta sukan wanke juna, mai ƙarfi ya fito fili. A zagayen ƙarshe kuwa babu wannan sarari. Tun 2022 zagayen farko wasa uku ne, wanda ya ci biyu ya wuce. Na biyu wasa biyar. Biyun ƙarshe wasa bakwai-bakwai. Ƙungiyoyi biyu mafiya nasara cikin zakarun rukuni na kowane gida suna hutawa a zagayen farko.

Lissafin a bayyane yake. A ƙaddara ƙungiya tana da damar 55 cikin ɗari ta cin kowane wasa, wanda fifiko ne babba tsakanin ƙungiyoyin da suka kai wannan mataki. Damarta ta tsallake karon wasa biyar kusan 59 ce cikin ɗari, ta karon wasa bakwai kusan 61. In aka haɗa zagaye ukun da za ta bi bayan ta huta a zagayen farko, damar ɗaukar kofi ba ta wuce 22 cikin ɗari ba. Wato ko wanda ya gano ƙungiyar da ta fi kowa ƙarfi, in ya ce ita za ta ɗauki kofi, zai yi kuskure kusan sau huɗu cikin biyar.

Tarihi ya gaskata lissafin. Seattle Mariners ta ci wasa 116 a 2001, adadin da Cubs ta 1906 kaɗai ta taɓa kaiwa, kuma dukansu biyu ba su ɗauki kofi ba. St. Louis Cardinals ta ɗauka a 2006 da nasara 83 kawai. Washington Nationals ta fara kakar 2019 da nasara 19 da faɗuwa 31, har ana kiran a sallami kocinta, ta ƙare da kofi a hannu. A 2022 Dodgers mai nasara 111 ta faɗi a hannun San Diego Padres mai 89. A 2023 kuwa ƙungiyoyi uku da suka kai nasara ɗari, Atlanta Braves da Baltimore Orioles da Dodgers, duk sun fita a karonsu na farko, aka bar Rangers mai 90 da Arizona Diamondbacks mai 84 a World Series. Wannan kaka ta tayar da musun da bai mutu ba har yanzu: wasu na cewa hutun kwanaki da ake ba manya yana sa hannunsu ya yi sanyi, wasu na cewa gajeren karo ya gaji haka. Hujjar ɓangare na biyu ta fi ƙarfi, tunda irin wannan faɗuwa ta girmi tsarin 2022 da shekaru masu yawa. Saboda haka ne aka yi shekara 25 babu ƙungiyar da ta kare kambunta, daga Yankees ta 1998 zuwa 2000 har Dodgers ta yi a 2024 da 2025, kuma ko ita sai da Toronto Blue Jays ta kai ta wasa na bakwai, aka shiga ƙarin lokaci.

Tun watan Mayun 2018, da Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar tarayya da ta hana yawancin jihohi halatta cacar wasanni, hasashe ya ƙara zama harkar kuɗi. Kamfanonin caca na fitar da farashin kowace ƙungiya tun kafin a fara kaka, tallarsu kuma ta cika shirye-shiryen wasan a talabijin. Hukumar gasar tana hulɗar kasuwanci da su, amma dokarta a kan 'yan wasa tana nan da tsauri: duk wanda ya yi caca a kan wasan da yake da hannu a ciki, korarsa ta tsawon rayuwarsa ce. Tushen wannan tsauri shi ne World Series ta 1919, wadda aka zargi 'yan wasan White Sox takwas da sayar da ita ga 'yan caca aka kore su har ƙarshen rayuwarsu, kuma da wannan doka aka kori Pete Rose a 1989 bayan binciken cacar da ya yi lokacin da yake horar da Cincinnati Reds.